Wa zai ƙirga mana tsuntsayen gona?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta unguwar Nima, a Ankara ta Gana, ana dafa ataya, sai ga wani yaron unguwarmu, ɗalibi a jami'ar Legon, ya sauko daga motar haya ta trotro, wandonsa duk taɓo, da madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Aka tambaye shi daga ina. Ya ce tun asuba shi da abokan karatunsa suka tafi gonakin shinkafa na Asutsuare, sun je ƙirga tsuntsayen da suka iso daga Turai.

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce, "To Malam, nawa aka biya ku?" Wani ya ce, "Ko guda ba ka kamo mana mun gasa ba?" Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wani babban mutum mai iyali da ya ce masa, "Ɗana, wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Bar wa Bature kayansa." Yaron ya cusa madubin cikin jaka ya wuce gida bai ce uffan ba.

Ni a ganina yaron nan ya yi abin da ya kamata a yaba masa. Fita gona a duba tsuntsu, a san wane ne, a rubuta ranar zuwansa da ranar tafiyarsa da yawansa, aiki ne da yake da amfani ga manomi da mahauci da mai kiwon kaji. Kuma mu mazauna ƙasar nan ya kamata mu riƙe shi da hannunmu, domin gonakin namu ne, abincin da ke fitowa daga cikinsu mu ke ci, kuma duk abin da ya kori tsuntsu daga gona ba ya tsayawa a kan tsuntsun.

Wai abin Bature ne

Mai wannan magana ya je ya tambayi kakarsa labarin shamuwa. A ƙasar Hausa, in shamuwa ta sauka kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari, manomi ya san lokacin sharar gona ya yi, a fito da iri a duba, a kai fartanya maƙera. Ba a jifar ta, ba a taɓa sheƙarta, yaron da ya auna ta da danƙo kuwa sai ya sha faɗa. A can take ƙwai ta ƙyanƙyashe cikin damina, tana bin gonaki tana tsintar fara da tsutsa, in kaka ta yi sai ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka. Mutumin da ya yi ta lura da zuwanta da tafiyarta har ya ɗora shukarsa a kai, me za a kira abin da yake yi?

Nan Ankara ma, babban birnin Gana, wanda ke ɗaga kai ya san shirwa ba kullum take nan ba. Daga wajen Oktoba za ka gan ta tana shawagi a kan kasuwa da kwata da bola, duk tsawon rani. Da ruwa ya kankama sai ta ragu, ta yi arewa. Mahauta sun san wannan, matan da ke shanya kifi sun san shi, mai 'yan tsaki ya fi kowa sani.

Shi Baturen da muke miƙa wa abin, ya daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensa suke tafiya. Har cikin ƙarni na 18 akwai manyan masanansu da suka yarda tsattsewa nutsewa take cikin taɓon tafki ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nahiyarmu. Tana nan ajiye a jami'ar Rostock har yau. Wato rabin labarin tsuntsayen nan a wurinmu yake tun asali. Inda suka fi mu shi ne sun rubuta nasu rabin, suna kuma ci gaba da rubutawa, mu namu yana bakin tsofaffi.

Tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Ka tsai da yaro ɗan shekara goma a Mamobi ko Sabon Zango ka ce ya bambanta maka hasbiya da kurciya, ko zalɓe da belbela. Ka tambaye shi yautai, ko carki, ko cilakowa. Duk "tsuntsu" ne a wurinsa. Kakansa da ya zo daga Sakkwato ko Salaga ko Bawku ya san kowanne da kukansa da abincinsa da lokacinsa. Wannan ilimi ne da aka tara a ɗaruruwan shekaru, kuma muna barin sa ya salwanta cikin tsara biyu, sannan mu yi wa wanda ya tashi neman sa dariya.

Akwai kuma masu cewa ɓata lokaci ne da addini bai so. Alƙur'ani, a Suratul Mulk da Suratun Nahl, ya tambaye mu ko ba mu dubi tsuntsaye a sararin sama ba, yadda babu mai riƙe su sai Allah. A Suratul An'am an gaya mana su ma al'ummai ne irinmu. Wanda ya yi sallar asuba ya fita ya dubi abin da aka ce a duba, ban ga laifinsa ba.

Su wa ke sauka a gonakinmu

Masana sun ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai kowace kaka su tsallako Sahara. Suna fara isowa wajenmu a Satumba da Oktoba, su juya a Maris da Afrilu. Wasunsu ba su wuce nauyin dunƙulen Maggi biyu ko uku ba, amma da wannan jikin suke ratsa hamada, yawanci da dare, ba ci ba sha, da kitsen da suka tara kafin tashi kawai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, galibinsu ba gandun dajin gwamnati suke nufa ba. Mole da Kakum da Shai Hills suna da nasu, amma baƙin nan a gona suke ya da zango. Tsattsewa tana shawagi kan fadamar shinkafa tana kamun ƙwari. Akwai wata 'yar rawaya mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafafun shanu a filayen Ankara, tana cafke abin da kofato ya tayar. Akwai waɗanda ke zama kan karan masara bayan girbi, akwai masu shiga gonar koko in an bar mata manyan itatuwan inuwa. Masu bincike sun bi wata 'yar ƙarama mai zuwa daga dazuzzukan Turai har gonakin yankin Kwahu, suka tarar rayuwarta a nan ta rataya ne kan dogayen itatuwan da manoma suka bari tsaye a tsakiyar gona.

Tun 2011 wata cibiyar nazarin tsuntsaye a Ingila take ɗaura wa tsuntsun da suke kira kuku 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi. An gano yana cinye lokacin sanyi a dajin Kwango, in zai koma sai ya ratso ta Afirka ta Yamma, har da Gana da Kwaddibuwa, ya tsaya ya ƙoshi da tsutsotsin da ruwan farko ya fito da su, sannan ya tunkari Sahara. In ya iso ya tarar an sare itatuwan an yi gawayi, ko feshi ya share tsutsar, da me zai tsallaka?

Wani zai ce, to ya mutu mana, ina ruwan Bazange da tsuntsun Ingila? Ga ruwanmu. A bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsayen gona a Ingila, waɗanda yawancinsu 'yan sa kai ne da suka fara aikin tun 1962, suka ga wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ba ta dawo da yawanta ba, mafi yawa sun ɓace cikin shekara guda. Da aka bi sawu sai aka tarar ruwa ne ya gaza a yankin Sahel inda take zuwa. Wannan fari shi ne ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973 da iyayenmu ba su manta ba. Tsuntsu ya nuna alamar masifar da wuri, amma waɗanda suka karanta alamar suna can wata nahiya, domin su ne ke da littafin ƙirga.

Haka abin yake a ƙaramin ma'auni. Fadamar da bara take cike da masu cin ƙwari, bana ta yi tsit, akwai abin da ya canja: ko feshi ya yi yawa, ko ruwan ya gurɓace, ko an ƙone ciyawar gefe. Latas da kabeji da albasar da ake nomawa a lambunan Dzorwulu da Ashaiman, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci, a tukunyarmu suke ƙarewa. Ga kuma kogunan Pra da Offin da galamse, wato haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya, ya mayar ruwan kunu. Wanda ke zuwa wuri guda yana ƙirga kowace shekara shi ne zai fara sani.

"Tsuntsu ɓarawon shinkafa ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Asutsuare ko Dawhenya lokacin da shinkafa ta fitar da kai ya san wahalar da ake sha. Tun kafin rana ta fito manomi ko yaron da ya ɗauka yake tsaye, da igiya da gwangwanaye da ihu, har faɗuwar rana, makonni a jere. Ka juya ka sha ruwa, garke ya sauka. Wasu yaran makaranta suke bari saboda wannan. Mai hali ya sayi raga ya lulluɓe gonar, marar hali ya ci bashi ya biya masu kora. Mutumin da ke cikin wannan hali in ya ga wani ya zo da kyamara yana murna da ganin tsuntsu, dole ransa ya sosu. Ina tare da shi a nan.

Amma a tambaye shi: Baba, wanne ne ke cin shinkafar? Zai nuna maka. Gado ne mai saƙa sheƙa a reshe, da 'yan ƙananan nan masu zuwa garke-garke, a arewa kuma jan-baki. Dukansu bakinsu gajere ne mai kauri, na fasa ƙwaya. Tsattsewa ba ta cin shinkafa. Belbela ba ta ci. Baƙin da ke zuwa daga Turai, masu siririn baki, yawancinsu ƙwari da tsutsa suke nema. Wato a gona guda akwai masu ɓarna, akwai masu yi wa manomi aiki ba lada.

Matsalar ita ce guba ba ta tambayar suna. In an jiƙa hatsi da maganin ƙwari mai ƙarfi aka watsa a bakin gona, mai ɓarna zai ci, kurciya za ta ci, zabon daji da fakara za su ci, shirwa da mujiya su ci gawar su bi su. Wani lokaci ma a tsince matattun a kai kasuwa. Ragar da aka shimfiɗa aka manta da ita kuwa, duk mai fiffike take kamawa.

An taɓa gwada kawar da tsuntsun gona gaba ɗaya. A 1958 gwamnatin Sin ta sa jama'a su kashe 'yan tsuntsayen da ake zargi da cin hatsi, aka yi ta buga kwanoni ana hana su sauka har suna faɗowa matattu. Bayan haka fara da sauran ƙwari suka samu sarari, amfanin gona ya ƙara lalacewa a shekarun da ƙasar ta faɗa mummunar yunwa. A 1960 aka janye umarnin. Mu nan mun ga abin da tsutsar masara ta yi da ta bayyana a 2016, ta mamaye ƙasa a 2017, da irin kuɗin da ya tafi a magani. Ba na cewa tsuntsu kaɗai zai gama da ita. Ina cewa wanda ke fama da tsutsa bai kamata ya kashe mai cin tsutsa ba.

Mujiya ma a saka ta a lissafi. Muna jifar ta muna cewa mugun abu ce, alhali ɓera take ci duk dare, ɓeran da ke yanke shinkafa daga tushe ya shiga rumbu. A Maleshiya manoma akwatuna suke kafa mata a gonaki don ta zauna.

Hadisi ingantacce ya zo cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Ba na kawo shi don a rufe wa manomi baki, yana da haƙƙin kare guminsa. Amma akwai hanyoyin karewa da ba su haɗa da guba ba: maƙwabtan gona su yi shuka lokaci guda don ɓarnar ta rabu kada ta taru kan mutum ɗaya, a yi girbi da zarar ta nuna, a riƙa zagaya raga ana sakin wanda ba mai laifi ba. A nan mai kallon tsuntsu yake da abin bayarwa. Shi zai iya cewa wane iri ne ya yi yawa bana, a ina yake kwana, wane mako yake tsananta. Manomin da ya san wannan ya san inda zai sa ƙarfinsa.

Ungulu da aku

Duk wanda ya girma kusa da kwata, a Ankara ko Kumasi, ya tuna yadda ungulu take cika rufin kwano da bakin kwalbati, har sai an kore ta da ƙafa. Yau ka tambayi dattawan mahauta, za su ce maka ta ragu ƙwarai. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Ita ce mai kwashe mushe da tarkacen yanka kafin su ruɓe. A Indiya, inda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu tun daga shekarun 1990, karnukan titi ne suka gaji mushen, cizon mahaukacin kare ya zama abin tsoro. Sai 2006 aka hana bai wa dabbobi maganin.

Labarin aku ya fi nuna abin da nake nufi da ƙirga. A farkon shekarun 1990 an bi wuraren kwanan aku mai jar wutsiya a dazuzzukan Gana an rubuta yawansu. Bayan fiye da shekara 20 wani ɗan Gana mai bincike ya koma waɗannan wurare ya sake ƙirgawa. Sakamakon ya nuna ƙasar ta rasa tsakanin kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun 1992, saboda kamu don sayarwa da sare manyan itatuwan da take ƙwai a kogonsu. A 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Da ba a yi ƙirgar farko ba, da sai dai tsofaffi su ce "da can akwai su da yawa", a ce musu tsufa ne.

Kuma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Kan ungulu da ƙafarta da ake sayarwa a rumfunan magungunan gargajiya, da akun da ake cusawa cikin kwali a tsallaka da ita iyaka, cikin masu wannan fatauci akwai masu jin harshenmu. Wanda ya gaya maka kan ungulu zai kawo maka kasuwa ko ya ci maka zaɓe, cutar ka ya yi, ya kuma cuci gari. Ina son in ji limamanmu sun taɓo wannan a huɗuba.

Murar tsuntsaye fa?

Masu kiwon kaji suna da tsoro na gaskiya. Cutar ta ɓulla a Gana a 2007, a kusa da Tema, ta dawo a 2015 da 2021, mutane suka yi asarar dubban kaji. Gaskiya ne tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna iya ɗauko ta. Amma ba wanda zai iya tsare sararin sama, kuma da zarar ta shigo, kejin kaji da tiren ƙwai da motocin dillalai su ke yawo da ita daga gona zuwa gona. Abin da ke taimako shi ne a samu labari da wuri. Mutumin da ke zagaya tafkin Sakumono ko bakin Densu kowane mako shi zai fara ganin matattun tsuntsaye ya sanar da likitocin dabbobi.

Su ma masu kallon suna da nasu laifin

Ba zan wanke su tas ba. Manomi a filayen Ankara yana zaune cikin fargabar a sayar da ƙasar da yake nomawa ba da saninsa ba. Ya saba in ya ga baƙi sun fito daga mota suna nune-nune da na'ura, bayan wata biyu sai ga masu awo, sai ga 'yan daban filaye, sai ga bulo. A yankin Asante kuma baƙo mai leƙe-leƙe zinariya ake zaton yana nema. To in ka faɗa gonar mutum ba sallama, ka tattake masa kunya, ka ɗauki hotonsa da na 'ya'yansa, ka shiga mota ka tafi, kada ka yi mamaki in gobe ya tare ka da adda.

Ladabin ba ɓoyayye ba ne. Ka gaida mai gari, ka nemi izinin mai gona, ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka miƙa masa madubin ya duba da idonsa. Ka tambaye shi abin da ya gani a makon nan, domin shi yana wurin kullum, kai baƙon safiya ɗaya ne. Kada ka yi ta kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi, kana hana shi kiwo. In ka ga sheƙar wani tsuntsu da ba a cika samu ba, kada ka baza wurin a Facebook, masu tarko ma suna da waya.

Sai maganar kuɗi. Gana tana da nau'in tsuntsu fiye da 700, kuma baƙi suna biyan kuɗi mai yawa su zo su yi mako biyu ko uku suna zagaya ƙasar. In duk kuɗin ya tsaya a otal da kamfanin mota, manomin da ya bar rimi ko ɗorawa tsaye a gonarsa bai ga ko sidi ɗaya ba, da wane baki za a ce masa kada ya sayar wa mai gawayi? Ƙauyen Bonkro da ke yankin Asante ya nuna ana iya yin daidai. A dajin da ke kusa da shi akwai wani tsuntsu mai sanƙon kai rawaya da ke gina sheƙar laka a jikin duwatsu, wanda aka daina gani a Gana tun shekarun 1960 sai a 2003 aka sake gano shi. Yau mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gan shi, 'yan ƙauyen ne ke yi musu jagora, an kuma gina makaranta ta dalilinsa. Mutanen wurin su ne masu gadinsa yanzu. Abin da ya yiwu a daji zai yiwu a fadamar shinkafa, in an sa mai gonar cikin rabo.

Mai yunwa da kallon tsuntsu

Na dawo kan maganar cewa aikin ƙosasshe ne. Madubin hangen nesa yana da tsada, na yarda. Amma ƙirgar ungulu a kwata ba ta bukatar madubi, haka rubuta ranar da ka fara ganin tsattsewa. Wayar da ke hannun kowane saurayi tana ɗaukar manhajar Merlin, mai taimaka maka gane tsuntsu daga hotonsa, da eBird inda ake ajiye abin da aka gani, duka kyauta. Lokacin da muke kashewa muna gardamar ƙwallon Ingila ya isa a zagaya lambu sau biyu.

'Yan'uwanmu a Najeriya sun riga mu. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI kusa da Jos, kuma tun da aka fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, samari da 'yan mata na Arewa suka haɗa ayarinsu suna bin ƙauyuka suna rubuta abin da suka gani. Masu jin Hausa ne kamarmu, ba 'ya'yan masu kuɗi ba. Nan gida ma akwai abin koyi. A 1985 aka fara wani shiri na ceto tsuntsayen bakin teku, saboda yara suna kama wani farin tsuntsun teku da ke zuwa daga Ailan da Birtaniya da tarko a rairayi. Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu na cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Ba da bulala kaɗai aka shawo kan abin ba, ƙungiyoyin yara aka kafa a makarantu, waɗanda Ghana Wildlife Society ke riƙe da su. Makarantun Zango nawa ne ke da irin wannan ƙungiya? Me ya hana masu makarantun Islamiyya su nema?

Kuma muna da wani jari da sauran ba su da shi. Da Hausa za ka yi magana da mai lambu a Dzorwulu, da dillalin shanu a Tulaku, da manomi a bakin dam ɗin Tono, da Bafulatanin da ke kwana a daji da garkensa. Makiyayin nan ya san inda gauraka take sauka, ya san rabonsa da ganin burtu, ya san tafkin da dinya ta daina zuwa. Mai bincike daga waje sai ya nemi tafinta kafin ya ji wannan. Yaron Zango da ya haɗa harshen da sanin tsuntsu yana iya zama jagoran baƙi ko mataimakin masu bincike, sana'a ce da wasu 'yan ƙasar nan ke ci da iyali da ita.

Doka ma tana nan, ba a dai bin ta: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta a Gana, kuma cikin wannan tsakanin ne baƙin ke isowa a gajiye. Sarakunan Zango suna iya sa a yi shelarta a masallatai kamar yadda ake shelar rigakafi.

Ga abin da nake roƙon sarakunan fawa na Ankara da Kumasi musamman. A ajiye littafi a kowace kwata, a ba wani yaro mai hankali, kowace Juma'a da safe a lokaci guda ya ƙirga ungulun da ke wurin ya rubuta da kwanan wata, ko da sifili ne ya rubuta. Masu lambu da masu shinkafa su yi haka da ranar da suka fara ganin tsattsewa da ranar da ta ɓace. Bayan shekara biyar a ɗauki littattafan a kai wa sashen kula da namun daji da malaman jami'a, a zauna da su a kan abin da ya kamata a yi game da guba da sarar itatuwa da cinikin kan ungulu, da lissafin da mu muka tara a hannunmu.